Ƙotar Garmar Dogara

Duk wanda ya taɓa zuwa gayya a gefen Fadan Kaje ya san Dogara. Shi ke riƙe kunyar farko. Idan maza suka jeru da garma a bakin gona, shi ne a gaba, sauran su bi saurinsa, wanda ya gaza ya sha dariyar mata masu kawo kunu. Tun yana saurayi yake wurin nan har ya yi furfura. Ni nake ƙera masa garma a maƙerata da ke bayan kasuwa.

Bayansa ne ya fara gajiya da shi. Ciwon ya taso daga ƙugu, ya sauka ƙafar hagu, ya zauna. Babu abin da Dogara bai gwada ba. Wanzami ya yi masa ƙaho har bayan ya koma kamar rariya. Matarsa Paulina ta yi ta shafa masa man zafi har kaji suka daina leƙa ɗakin. An yi addu'a a coci, wani ya kawo saiwa daga Kauru. Daga baya ya koma ƙwayoyin kemis. Ya watsa su da safe ciki babu komai, ya yi huɗa kamar inji, da yamma a ɗauko shi a babur. Ranar da ya yi aman jini, Paulina ba ta tambaye shi ba, ta sa shi a mota sai asibiti a Kafanchan.

Can aka gaya masa gaskiya. Ciwon ba zai tafi gaba ɗaya ba, amma ana iya lallaɓa shi. Aka ce ya bar ƙwayoyin nan sai wanda aka rubuta masa, ya riƙa gashi da ruwan ɗumi, ya motsa jiki safe da yamma, ya rage duƙawa. Wata mai gashin ƙashi a asibitin ta ce ya nuna mata tsawon ƙotar garmarsa. Ya nuna. Ta ce sai ya ƙara tsawon sosai.

Nan aka samu matsala. A wajenmu, doguwar ƙota ta tsofaffi ce, mai ita ba ya tsayawa a kunyar farko. Ranar kasuwa sai ga shi a maƙera, yana waige-waige.

"Umar Faruk, akwai aiki, amma ka kama bakinka."

"Bakina na cin tuwo ne. Faɗi."

"Ka ƙara min ƙota. Kaɗan-kaɗan, kowace kasuwa faɗin yatsa. Ba wanda zai gane."

"Baban Tamar, ƙota ba ta tsiro fa. Kowace kasuwa sabuwa zan sassaƙa."

"To da mene ne aikinka?"

Haka muka yi. In sassaƙa sabuwa, shi ya zauna ya goge ta da toka da baƙin mai don ta yi kamar tsohuwa. Tsofaffin ƙotocin kuma Paulina ta riƙa hura wuta da su a tsakar gida, gaban kowa. Kafin damina ta yi nisa, matan zumuntar coci suna cewa garmar Baba ta fi 'yarsa Tamar saurin girma. Ba wanda ya faɗa masa. Motsa jikin ma a bayan rumbu yake yi, yana tsammanin rumbu ya rufe shi.

Sai gayyar gonar Ezekiyel ta zo. Dogara ya tsaya a kunyar farko, babu ƙwaya a cikinsa. Ya fara da kyau. Amma doguwar ƙota ba ta gudu, kuma yakan tsaya ya miƙe bayansa kamar yadda aka ce masa. A kunya ta biyu akwai Gershon, ɗan ƙanensa, magidanci mai ƙarfi. Gershon ya yi ta jan hannu don kada ya wuce, layin duka ya koma tafiyar hawainiya. Rana tana yi, gona ba ta raguwa.

Dogara ya dafa ƙota ya juyo.

"Kai Gershon, dunduniyata kake so ka sare? Wuce."

"Baba, ai wurinka ne."

"Na ce wuce! Gonar mutum muka zo nomewa ko rakiya?"

Gershon ya wuce. Na jira dariyar mata, ban ji ba. Paulina ce kawai ta ce, "Baban Tamar, yau dai da ƙafarka za ka koma, ban kira mai babur ba."

A tsakiyar layi ya ƙarasa ranar, kuma da ƙafarsa ya koma gida, garma a kafaɗa.

Washegari ya zo maƙera, ya zauna a kan kututture ba tare da ya dafa bango ba.

"Yaron nan kunyarsa a karkace take," in ji shi.

"Na ji."

"Ka yi min ƙotar yadda matar asibiti ta ce, gaba ɗaya. Na gaji da ganin fuskarka kowace kasuwa."