Kwanon da Bai Sauka Inda Aka Sake Shi Ba

Mai rufin kwano da ƙafarsa yake cin abinci. Mutane suna ɗauka hannu ne, don ƙarar guduma suke ji. Hannu kowa yana da shi. Abin da ke riƙe ka a kan katako mai faɗin tafin hannu, can saman bene, dunduniya ce da agarar da ke bayanta. Tawa ta hagu ta tsinke a wani gida a unguwar Shamaki, cikin Gombe.

A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, kuma darasi ɗaya ne ya biyo ni gida. Wani malamin kimiyya, siriri kamar sillen kara, ya hau tebur wata rana da dutse a hannun dama, takarda a hagu, ya sake su. Dutse ya riga sauka. Muka ce to, wannan ma sai an zo makaranta? Ya sauko ya dunƙule takardar, ya koma sama ya sake su, suka dira tare. Ya ce ƙasa iri ɗaya take jan komai, babba da ƙarami. Iska ce ke tare abu mai faɗi ta hana shi sauri. Ya ce da za a kwashe iskar ajin kaf, gashin kaza da dutse tare za su taɓa ƙasa. Wani daga baya ya ce, "Malam, in an kwashe, mu kuma fa?" Aka yi dariya, aka zane shi.

Na koyi rufi a wurin wani dattijo Batangale da ke zaune a unguwar Herwagana. Baba muke ce masa. Shi kuma Fom Tu yake kirana, wato ɗan aji biyu, tun ranar da bakina ya yi kuskuren ba shi labarin takardar. Dokarsa ita ce, in an cire tsohon kwano, a ninke shi biyu, a taka shi, sannan a jefo. Na ce ai abin da malaminmu ya yi da takarda ke nan. Ya ce, "Madalla, Fom Tu. Taka wancan."

Guduma in ta kuɓuce, miƙe take zuwa. Haka ƙusa, haka guntun katako. Ka san inda ba za ka tsaya ba, shi ke nan. Kwano a buɗe ba shi da alkawari. Yakan kwanta a kan iska ya yi lilo, ya karkata, sai ya zame gefe da bakinsa a gaba kamar wuƙa.

Gidan na Shamaki bene ne, na wani mai sayar da atamfa a Kasuwar Gombe. Farkon damina ne, ya ce a sauya masa rufi. Mun buɗe rabi, Baba ya ninke kwanon farko, sai ga mai gidan ya fito da gudu yana ɗaga hannu.

"Kai, kai! Malam, me kake yi haka? Garken awaki zan kewaye da su. Lafiyayyu nake so."

Baba ya ce, "To sai da igiya, Alhaji. Ɗaya bayan ɗaya."

Alhaji ya juya ya nuna gabas. Hadari ya haɗu, baƙi ƙirin.

"Igiya? Sai ruwa ya cika mini falo? Ku sako su haka nan, tsakar gida ai fili ne. Kwano dai ƙasa zai zo, ba Bauci za shi ba."

Baba ya dubi hadarin, ya dubi rabin gidan da ke buɗe, ya ce a kori kowa daga tsakar gida. Ni aka tura ƙasa in riƙa kwashewa. Wanda ke sama ya ce "Ƙasa!", in matsa, ya saki, in je in ja. Kwanukan farko suka yi ta rawa a iska suna sauka a tsakiya da ƙara. Ba komai.

Ƙishi ya kama ni. Akwai randa can bakin zaure, nesa da gindin benen, inda ko jifa aka yi da guduma da wuya ta kai. Na duƙa da moɗa, bayana ga ginin. Iskar nan mai sanyi da ke zuwa kafin ruwa ta taso. Na ji an ce "Ƙasa!" ban ko waiwaya ba, don na san ina nesa.

Ban ji zafi ba. Kamar an maka mini sanda ne a bayan ƙafa. Na ce bari in juya in ga wane ne, ƙafar ta ƙi. Sai na ga kwano a gefena, jini yana bin siminti.

Abin da Alhaji ya fara faɗi, bayan salati, shi ne, "Amma kai me ya kai ka can?" Shi ya kai ni asibiti a motarsa, ban hana masa wannan ba. Sai da ya tsaya aka nemo buhu aka shimfiɗa a kujera. Kwanon kuwa ko lanƙwasa bai yi ba. Na ji yana jikin garken har yanzu.

Aka ɗinke agarar. Likita ya ce wataƙila ta riƙe, wataƙila ba za ta riƙe ba, kamar ni ban iya faɗin haka da kaina ba. Damina ta wuce ina kwance, kaka ta same ni da sanda. Baba yakan zo bayan coci da kunun da matarsa ta dama, ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Wurinka yana nan, Fom Tu. Ba wanda ya iya surutunka."

Da na yar da sandar na je na same shi a wani shago da suke rufawa a Herwagana. Ba ma bene ba ne. Na soke guduma a ɗamara na kama tsani. Tsani bai ba ni wahala ba, hannu ke yin rabin aikin. Da na kai sama na ɗora ƙafar hagu a kan katako, na sakar mata nauyina. Ba ta yi ciwo ba. Babu ta ne kawai. Na tafi gaba, na rungume katakon da ƙirji, gudumar ta zare, hulata ta tuɓe.

Ina rataye ina kallonsu. Gudumar ta daki ƙasa nan take, daidai ƙarƙashina. Hular ta tsaya tana juyi, ta karkata, ta tsallake katanga, ta sauka a hankali cikin kwatar maƙwabta. Malamin nan bai yi ƙarya ba.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini. Baba ya rarrafo ta kan katako ya kama ni a hammata.

"Sauko, ɗana," ya ce.

Tun da na san shi bai taɓa kirana haka ba. Na sauko.

Yanzu benci nake haɗawa da teburan masu tireda, a wata rumfa bayan kasuwa, a zaune. Rumfar da kwano aka rufe ta, wani ne ya buga, kuma ya buga a karkace. In hadari ya taso nakan ji gefen yana ɗagawa. Nakan ja kujerata in koma can ciki.