Birkin faranti da hannun Kano

Salamu alaikum. Masu cewa Dubai ta sa na daina amsa saƙo, ku yafe ni. Kwanciya na yi.

Tun ina yaro keken da na sani mai birkin roba ne, wanda ke kama gefen taya. Sai ka damƙe shi da yatsu duka, ya yi ƙara, ya yi shawara, sannan ya tsaya.

Razak, mutumin Kumasi da muke fulat ɗaya a Hor Al Anz, shi ya ja ni hawan keke a duwatsun Hatta. Ya ara mini nasa mai birkin faranti a tsakiyar taya. Ya ce, "Habibi, yatsa ɗaya, shwaiya shwaiya," wato a hankali. Na ce wa zai koya wa ɗan Kano keke?

A gangara hannuna ya damƙe irin ta gida. Wai keken ya tsaya cak, ni na wuce. Na ce wai, domin har yau ban tuna ba.

Asibiti, hoton ƙwaƙwalwa, karaya a kafaɗa, fitila a ido kowace safiya. Inshora ta biya kuɗin hoton, gashin ƙashi daga aljihuna. Likita ya tambaye ni inda nake, na ce Fagge. Razak ya ce na yini ina tambayarsa ko an yi la'asar.

Abin da ya tsorata ni shi ne kiran matata, Zainab, daga Kano. Ta nuna mini jaririya a waya ta ce, "Ga Ummi." Na ce, "'Yar wa?"

Ta ce, "Taka ce, Abban Ummi. Kai ka sa mata sunan marigayiya Hajiyarka."

Na yi kuka, wallahi. Hannuna bai manta tsohon keke ba, kaina ya manta 'yata.

Likita ya ce, "Tunaninka zai dawo, kada ka matsa masa." Ya dawo a gutsure. Wata safiya ina shan shayi sai na ji muryata ina yi wa Ummi huɗuba a kunne.

Wane birki ya fi? Har yanzu a rikice nake. Razak ya ce na faranti ba ruwansa da ƙura ko ruwa, kuma gaskiyarsa ne. Na roba kuwa yana yafe wa mai garaje.

Alhamdulillah. Razak, Zainab, Allah ya saka.

In aka ba ku keken da ba ku saba ba, ku gwada birkinsa a fili tukuna, ku sa hular kwano. Tawa ta tsage biyu. Na ajiye wa Ummi ita.