Shaidar da Ba a Biya Ni Ba

Ku yara masu karatu, ku natsu. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma Allah ya ba ni ido. Shekara da shekaru ina awon gero da dawa a kasuwar Gwaram, babu wanda ya taɓa lotsa gindin kwanon awo ban gane ba. In an yi cinikin akuya kusa da rumfata ni ake kira in tsaya shaida, don an san abin da na gani ba ya ɓace mini.

Ido bai cuce ni ba. Harshe ne ya cuce ni.

Farkon abin ƙarami ne. Wani dillalin dabbobi ya ce in gaya wa sarkin kasuwa na ga ya miƙa igiyar tunkiya ga mai ita, alhali ban gani ba. Ya kawo mini turmin atamfa. Na faɗa, ƙasa ba ta tsage ba, sai na ce ashe haka abin yake da sauƙi.

Ubana bai bi masallaci ba, bai bi coci ba, a haka ya bar ni. A kotu Musulmi na tsoron dafa Alƙur'ani a kan ƙarya, Kirista na tsoron Littafi Mai Tsarki. Ni kuwa ƙarfe ake miƙo mini in rantse, ƙarfen ma ban ɗauke shi a bakin komai ba. Shi ya sa masu rigimar gona suka san ƙofar gidana. "Na gani da idona." Kalmomin nan su ne suka zama sana'ata.

Akwai wata Kirista, Saratu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu da gona a wajen Kwandiko. Maƙwabcin gonar ya ƙyalla ido a kan ɓangaren fadamar, ya zo mini da buhun gero. Na je kotu a Birnin Kudu na rantse cewa a gabana marigayin ya sayar masa. Aka ba shi.

Da muka fito tasha, sai na ji waƙa. Saratu ce, goyo a baya, tana yabon Yesu da babbar murya, 'yan acaɓa na kallonta. Abin ya ba ni haushi. Na ce, "Ke, an karɓe miki gona kina waƙa? Ko kin zare ne?"

Ta ce, "Inna, gona aka karɓa, ba a karɓe mini Ubangijina ba. Shi ya ga abin da idonki bai gani ba."

Na yi tsaki na shiga mota.

Bayan damina biyu dubuna ta cika. Na rantse na ga wani ciniki ranar kasuwa, sai aka tabbatar duk makon nan ina kwance a asibiti. Wanda ya turo ni ya ce bai ma san ni ba. Aka ɗaure ni a kan shaidar zur, da furfurata.

A gidan yari wasu matan coci kan zo ranar Lahadi su yi waƙa da tafi. Ranar farko na ɗaga kai, wa zan gani a gabansu? Saratu. Na ja ɗankwali na rufe rabin fuska. Da suka gama waƙa sai ta ce, "To, wa ke da shaida?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "A kan wa?"

Har gandiroba sai da ta riƙe ciki. Saratu kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Inna, tamu shaidar ba a kan kowa ake ba da ita ba. Abin da Ubangiji ya yi miki za ki faɗa. Kuma ba a biya."

Na ce, "Ke me ya yi miki, da ya bari aka ci gonarki?"

Ta miƙe ta faɗa a gaban kowa, ba rawar murya. Ta ce tana noman ƙodago a gonakin mutane, yaranta ba su taɓa kwana da yunwa ba. Ta ce babban abin kuwa, Yesu ya cire mata fatan da take yi na ta ga gawata. Sannan ta ajiye mini sabulu da ƙuli-ƙuli.

Na ce a raina zan gane lotsawar kwanon wannan matar. Wata bayan wata ina sa mata ido, ni da ba a ɓoye wa komai. Ban samu ba. Mudunta cike yake har baki. A nan na durƙusa na ce wanda take bi, ni ma shi zan bi.

Ranar da aka sake ni ban wuce gida ba, wajen mai unguwar su Saratu na nufa na faɗi gaskiyar fadamar. Dattijon ya ce, "Inna, kin san za a iya mayar da ke?"

Na ce, "Malam, ai na san hanya."

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Shi da kansa ya raka ni kotu. Maƙwabcin ya zage ni tas, bai bar uwa ba bai bar uba ba. Ban janye ko kalma ɗaya ba. Kafin ruwan shuka fadama ta koma hannun Saratu.

Yanzu na koma rumfata. Ina awo ina yabo, ba na rage murya don kowa. Hajiya mai daddawa da ke gefena takan ce, "Inna, yau ma shaidar ce?" In ce, "Ita ce, Hajiya, kuma kyauta." Mu yi dariya.

Ku ji ni da kyau. Duk wanda ya ba ku abu don ku ce kun ga abin da ba ku gani ba, harshenku ya saya, kuma ranar kamu zai ce bai san ku ba. Ku kuma 'ya'yan coci da ke haɗiye sunan Yesu in kun shiga jama'a, ku ji kunya. Da Saratu ta yi shiru a tasha, da har yau ina rantsuwa da ƙarfe.

Yesu yana gafarta wa tsohuwar maƙaryaciya. Wannan kam na gani da idona.