Baƙin Inna na Cikin Kwalba

Shekarar da mahaifina ya rasu ina malamin elemantare a Makarfi, mulkin Turawa na nan daram. Inna ta gama takaba amma ba ta tashi daga tabarma ba. Matar da hayaƙin murhunta ke riga na kowa tashi a unguwarmu ta koma sai an kawo mata kunu, ta kurɓa ta ture. In na yi magana ta ce, "Wa zan dafa wa?" Ni da ke zaune gabanta da cikina, ashe ban isa a dafa mini ba. Na tsorata ƙwarai, don na ga tana bin bayan mijinta a hankali.

Ana nan aiki ya kai ni Zariya, na tarar matar wani Baturen auduga za ta koma ƙasarsu, ana gwanjon kayanta. Masu hankali suka sayi kujeru da fitilu. Ni mai ilmin zamani na sayi kifi, 'yan jajaye kamar ɗan yatsa, suna yawo cikin wata ƙatuwar kwalba mai faɗin baki, wai ko Inna za ta sami abin kallo. Kukun gidan ya ja mini kunne: abincinsu na cikin gwangwani, abin da yatsu biyu suka ɗauka ya ishe su wuni, kuma kada a kuskura a juye ruwansu gaba ɗaya. Na rungumo kwalbar a jirgin ƙasa kamar mai jego.

Inna ta leƙa ta ce, "Waɗannan ko miya ɗaya ba za su yi ba."

Na ce, "Ba a cin su, Inna. Daga ƙasar Turawa aka kawo su, kallonsu ake yi."

"Au, baƙi ne? Suka sha wannan tafiya, ka bar su cikin ruwan hanya?"

Kafin in buɗe baki ta miƙe. Ta miƙe fa! Ta kwashe su a ƙwarya, ta zubar da ruwan da kuku ya yi mini kashedi a kansa, ta dirje kwalbar da toka, ta cika musu ita da ruwan randa mai sanyi. Na nuna mata gwangwanin da ɗan abin da ake ba su. Ta shinshina ta ce rowar Turawa ba za ta shigo gidanta ba.

Kashegari hayaƙi ya tashi a gidanmu. Aka marmasa wa baƙi tuwon dawa, da rana aka ɗiga musu fura. Maƙwabta suka yi ta zuwa yi musu sannu da zuwa, kuma ba mai zuwa hannu rabbana: wannan ƙuli-ƙuli, waccan dambu. Gwaggona ta taso tun daga Nasarawan Doya da mazarƙwaila. Ruwa ya yi fari kamar an wanke gero a ciki. Kifayen suka taso sama suna buɗe baki suna neman numfashi.

Inna ta ce, "Ka gani ko? Ƙari suke nema."

Na san mutuwa suke yi. Na shirya maganata tsaf, na shiga in faɗa mata. Sai na same ta da akushi a gaba, tana jefa musu kaɗan tana kai loma bakinta, don a gidanmu ba a barin baƙo ya ci shi kaɗai. Rabon da in ga ta tauna abu tun Baba na da rai. Na tsaya ina kallon kifin da na sha wuyar kawowa, ina kallon mahaifiyata. Na haɗiye maganata, na ce a ƙara musu furar.

Ba su yi mako ba, ɗaya bayan ɗaya suka juya ciki sama. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Matan unguwa suka zo jaje suna danne dariya da bakin mayafi, Inna kuwa ta ce ba mai fita bai ci ba. Ta ɗora babbar tukunyar da ke kife tun ranar sadakar arba'in.

Da gida ya watse ta ce, "Bayin Allah, kunya ce ta kashe su. Ko kaɗan ba su saki jiki sun ci ba."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta dube ni sosai, kamar ranar ta fara ganina. "Kai ma ka rame." Ta turo mini akushi. "Zauna ka ci, kada ka bi su."