Harsashin da Ya Ci Kafaɗar Baba

Shekaranjiya ina kwashe tarkacen kicin ɗin Inna, Allah ya jiƙanta, sai gwangwanin da take ajiye iri ya suɓuce mini. 'Ya'yan yakuwa da na kuɓewa suka watse a ƙasa, wani abu kuma ya gangara ƙarƙashin firiji yana ƙara. Na durƙusa na zaro shi da tsintsiya. Kwanson harsashi ne, tsawon ɗan yatsana, tagullarsa duk ta dushe. Na kai shi hanci, ba don ina tsammanin komai ba, sai na ji kamar da sauran warin albarushi a bakinsa. Nan na zauna dirshan a ƙasa na kasa tashi. Ko gajiyar aikin asibiti ce, ko ta tunani, ban sani ba.

Tunda kwanson nan ya hana ni shara, mai karatu, bari in ba ka labarinsa.

Ina yarinya muka baro Nijar, a farkon shekarun dubu biyu, muka tsallaka teku zuwa ƙasar Turawa, muka sauka a wani gidan haya na bene a bayan titin Wendover. Baba ya samu aiki a wani ƙaton sito, yana loda kwalaye a manyan motoci tun safe har yamma. Ni na shiga makaranta, kafin a ce me Turanci ya zauna a bakina. Inna ce ƙasar ba ta karɓa ba. Matar da a gida sai an roƙe ta ta yi shiru, a nan ta koma kurma. Ta ja kujera bakin taga ta wuni tana kallon motoci, in ka yi mata magana ta ce "to". Tuwo ma sai ta tuƙa ta rufe, ta ce ta ƙoshi. Ni dai tsoro nake ji in dawo daga makaranta in tarar da bayanta a wurin da na bar shi.

Gona ce ta dawo mana da ita. Wani abokin aikin Baba ya haɗa shi da wani tsohon Bature can kudu da garin Pleasant Garden, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse, fili ya yi masa yawa. Ya yanka mana gefe ɗaya kusa da rafi, ladansa kawai a riƙa ba shi kuɓewa. Ƙasar wurin ja ce mai danƙo, in an yi ruwa takalmi take cirewa. Inna ta zage ta, ta zage ta, sannan ta sa fartanya. Ta shuka yakuwa da kuɓewa da rama da gyaɗa da barkono. Ran Asabar tun da sassafe muke tafiya, zafi mai gumi ya rufe mu, gyare na kuka a itatuwa kamar za su tsaga kunne. A nan na sake jin Inna tana waƙa, tana yi wa Baba tsiya wai kunyarsa a karkace take kamar ta ɗan birni.

A damina ta uku alade ya shigo. Ba garke ba ne, namiji ne guda ɗaya, tsoho, baƙi, irin na daji. Muka zo wata Asabar muka tarar da gyaɗar Inna an tone ta kaca-kaca, kamar an bi da garma cikin maye. Inna ta tsaya da kwando a hannu ba ta ce uffan ba, ni kuwa shirun nan na san shi.

Tsohon ya gaya mana gaskiya. Hannunsa rawa yake, ba ya iya harbi. Wasu masu farauta sun daɗe suna nema ya ba su hayar filin gaba ɗaya, su kuma ba za su yarda da mata da fartanya a tsakiyar wurin harbinsu ba. Ya ce in aladen bai mutu ba kafin ƙarshen wata, zai amsa musu. Ni na fassara wa Inna wannan magana, kuma ban ji daɗin bakina ba.

Abin da tsohon bai sani ba, Baba ɗan gidan maharba ne. Kakana shi ake kira in gyado, wato aladen daji, ya addabi gonakin gero, ya harbe ya bar wa masu ci, ko taɓawa ba ya yi. Gidansu suna da dokoki biyu da na sha ji tun ina ƙarama. Wanda ya fitar da jini sai ya bi shi har inda ya ƙare. Bindiga kuma a kafaɗar dama ake ɗora ta da bisimilla, ba ta hawa hagu ko da wasa. Baba ya yanki lasin, tsohon ya buɗe masa kabad ya nuna masa bindigogi biyu, ƙarama da babba, kowace da madubin hange a bayanta.

Wahalar ita ce nisa. Aladen nan ya sha harbi a rayuwarsa, ya yi wayo. Ba ya fitowa sai gari ya fara wayewa, daga bakin kurmi a tsallaken rafi, kuma tsakaninka da shi fili ne fetal. Ka matsa kaɗan iska ta kai masa warinka. Wurin ɓuya ɗaya ne, bayan wata tsohuwar rumfar katako a kan tudu, daga nan kuwa dabbar ba ta fi ƙwaro girma a ido ba.

Muka je kantin kayan farauta ni da Baba, don ni ce bakinsa. Mai kantin ya jera mana kwalaye ya yi bayani, ni kuma ina juyawa da Hausar da ba ta taɓa sanin waɗannan abubuwa ba. Ya ce harsashin ƙaramar bindiga mara nauyi ne, yana da gudu, yana tafiya a miƙe, amma in tafiya ta yi nisa ƙarfinsa ƙarewa yake, iska ta ture shi, in ya haɗu da abu mai tauri kuma ya farfashe a waje. Na babbar yana da nauyi, bakinsa dalma ce mai taushi da ke buɗewa a cikin nama, jikinsa kuwa ba ya wargajewa, sai ya ratsa. Ya dafa kafaɗarsa ya ce tsohon alade yana da guringuntsi a nan mai kauri kamar tayar mota. Baba yana ta gyaɗa kai tun kafin in gama fassara, don ba sabon labari ba ne a wurinsa. Tambaya ɗaya ya ce in yi: wanne ya fi dukan mai harbi? Mai kantin ya yi dariya ya nuna mai nauyin. Baba ya ɗauki mara nauyin.

A mota ya yi ta yi mini bayanin da ban tambaya ba, wai gudu ya fi nauyi, wai maharbin kirki da tsakuwa ma sai ya kayar da giwa. Ni kuwa na san dalili. Ni ce nake shafa masa man zafi a kafaɗar dama kullum bayan magariba, ina jin gaɓar tana ƙara a ƙarƙashin tafina kamar an zuba yashi a ciki. Kwalayen sito sun riga sun cinye ta. A asibiti lokotoro ya ce jijiyar saura ƙiris ta tsinke, ya huta. Baba ya ce to, washegari ya koma aiki.

Harbin farko muna cikin mota ni da Inna muka ji shi, ƙara siririya kamar an karya kara. Baba ya samu aladen a kafaɗa, daidai inda ya nufa. Dabbar ta durƙusa, ta miƙe, ta faɗa kurmi. Baba ya bi jini cikin ƙaya da sarƙaƙiya har rana ta take, ya dawo wando a yage, ya ce jinin ya ɗauke. Ranar bai ci abinci ba. Ba gonar kaɗai ta dame shi ba, ya ce ko alade ne, halittar Allah ce, bai kamata ya bar shi yana yawo da dalma a jiki ba.

Kafin mako ya zagayo aladen ya dawo yana ɗingishi. Ciwon ya hana shi nisa, sai ya tare a gonarmu, ya gama da gyaɗar ya shiga kuɓewa. Wata kuma ya kusa ƙarewa.

Muka koma kanti, Baba ya sayi mai nauyin. Ya kafa kwali a bakin kurmi ya yi harbin gwaji don ya san yadda harsashin ke sauka a wannan nisa. Kowane harbi sai na ga bayansa ya girgiza, ya daɗe kafin ya ɗago. Tsohon ya lura. Ya ce in gaya wa Baba ya mayar da bindigar kafaɗar hagu, mutane da yawa suna yi. Baba ya yi murmushi ya ce in yi masa godiya.

A gida Inna ta fara da wasa. Ta ce alade ne fa, ai hagun ma ta yi masa yawa. Da ta ga ya yi kememe sai muryarta ta sauya.

"Malam, a bar musu gonar. Yakuwa ce fa. Da hannun nan muke ci."

"Ubana bai ɗora ta a hagu ba," in ji Baba. "Ba a kaina za a fara ba, kuma ba a ƙasar mutane ba."

Inna ta sha kunu, ta ce taurin kan gidansu ko a jirgi bai faɗi ba. Amma ta zauna ta yanka soson katifa, ta naɗe shi da tsohon zane, ta ɗinke masa a cikin riga ta wajen dama.

Asubar da za a yi ta akwai raɓa, ciyawa na warin ɗanye. Wannan karon ƙarar ta daban ce, har cikin ƙirjina na ji ta, tsuntsaye suka tashi daga kurmi gaba ɗaya. Muka jira harbi na biyu, shiru. Da muka hau tudun, can tsallaken rafi ga baƙin abu kwance ba motsi. Baba kuwa yana zaune ya jingina da katako, bindiga a ƙasa, gumi na zuba, ya tallafe gwiwar hannun dama da na hagu. Duk da haka sai da ya taka har can, ya tsaya nesa kaɗan ya tabbatar ba rai, sannan ya yarda aka kai shi asibiti. Wani maƙwabcin tsohon ya zo da tarakta ya ja mushen. Ban ga lokacin da Inna ta tsinci kwanson ba.

Jijiyar ta tsinke. An yi aiki, bai yi kyau ba. Tun daga ranar hannun Baba na dama bai ƙara wuce ƙirjinsa ba, ko a kabbarar sallah. Ya bar lodi ya koma gadi, albashi ya ragu, muka ƙara matsewa. Gona kuwa ta zauna. Inna ta noma ta damina bayan damina har tsohon ya rasu, 'ya'yansa suka sayar. Yanzu gidaje ne jere a wurin, iri ɗaya, da ciyawar da ba mai ci.

Ba zan ɓoye maka ba, na daɗe ina jin haushin Baba. Ina ganin ya ba da hannunsa saboda dokar mutanen da suka mutu a wata ƙasa, mu kuma muka biya. Yanzu ni ma marasa lafiya nake ɗagawa a asibiti, tawa kafaɗar ta fara ƙara, haushin ya tsufa ya zama gajiya kawai.

Jiya na kai wa Baba tuwo da miyar yakuwa ta kanti, na ajiye kwanson a gefen tire. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya yi yadda ya saba, ya yanki loma da dama, ya kama wuyan hannun da hagu ya ɗaga shi zuwa baki. Na ce masa ga shi hagun da ya raina ita ke ɗawainiya da dama, da ya ji maganar tsohon da ba haka ba.

Ya yi dariya har ya ƙware. "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "kakanki da yake ta doka, in ya harba da hagu ko rumbu ba ya samu. Ni ma haka. Harbi ɗaya ya rage mini. Da na kuskure, da uwarki ta koma bakin taga."

Na ce to me ya hana shi faɗin haka tun a lokacin.

"Da ta san don ita ne, ai ba ta bari."

Ya ci gaba da cin tuwonsa, ya ce yakuwar kanti ba ta da tsami. Ni kuwa na tashi na shiga kicin, don ban so ya ga fuskata. Irin da ya zube na riga na share shi na tara a takarda zan zubar. Na zauna na tsince shi ɗaya bayan ɗaya, na raba yakuwa da kuɓewa, na mayar cikin gwangwanin. Ba mu da fili, sai wasu tukwanen roba a baranda, kuma a gajiye nake dawowa daga aiki. Amma na gaya wa Baba in sanyi ya wuce zan sayo ƙasa, shi ya riƙa ba su ruwa. Ya ce da hagu zai iya.