Fitilar Goshin Baban Ladi

Yaya Hajo, yau saura ƙiris na shiga takaba!

Kin san bakin garmarmu ya ɓalle ya nutse a gona. To, sai Baban Ladi ya aro wani inji wurin wani Bayarabe mai aikin titi a Dayi, wai in ya ji ƙarfe a ƙasa kuka yake yi. Da rana suna aiki da shi, sai dare ake samu. Ya ɗaura fitila a goshi irin ta maharba, ya toshe kunnuwa da wayar injin, ya shiga gona.

'Yan sintiri suka hango haske yana sanɗa kusa da turken shanu. Suka yi ta "Wane ne nan?" Ina zai ji! Sai gora! Sai ihun ɓarawo!

Na fita a guje, Ladi a baya, ko takalmi babu. Na same shi kwance, fitilar ta fashe, jini ya rufe masa ido. Na faɗa kansa ina ihu, "Mijina ne! Ku haɗa da ni!"

Wani ya haska tocila. Ashe mai gorar ƙanensa ne, Sule! Ya yar da ita. "Yaya, me ya hana ka amsawa?"

Wayar ta zare, injin yana ta kuka a ƙafar Sule. Baban Ladi ya tofar da haƙori ya ce, "Matsa, ja'iri. A kan garmata kake tsaye."