Furen Salbiya Daga Dama

Malam, maigidana, manomi ne ɗan manomi, amma a birnin Salbador, can ƙetaren teku inda aka kai mu bauta, fure ya ƙare yana shukawa. Bayan mun sami 'yancin kanmu, ni ina tuyar ƙosai a unguwar Barrokinya, shi yana kula da lambun wata Baturiya, gwauruwa, a saman tudu. Ranar da ta nuna masa salbiya, wani fure mai tsayi kamar zangarniya, tambayarsa ta farko ita ce, "Ina ake ci a jikinsa?" Da ta ce ba a ci, kwana uku yana tsaki.

Shekarar bayan tawayen bayi Musulmi ce. Sojoji na bin gidaje, duk wanda aka gane ya iya rubutun Larabci sai bulala, ko a kore shi daga ƙasar a jirgin ruwa. Malam ya wanke allonsa ya binne. Abin da ya tsare mana shi kawai, Baturiyar nan ta shaida cewa mai lambunta bai san ko alif ba.

Da damina ta ba shi dashen salbiya kala uku. Ta tsaya a baranda ta ce, "Ja a farko, shuɗi a tsakiya, fari a ƙarshe." So take jan ya haska a jikin farin bangon hagu, farin kuma ya fito a inuwar mangwaron dama.

Kullum sai ya dawo yana cika baki: ya zuba taki, ya tsinke kawunan don su yi rassa. Na ce, "Malam, kai da ka ce aikin banza ne?" Ya ce in ji da man ƙosaina.

Ranar da suka buɗe na kai masa abinci. Wayyo! Fari ya ɓace a jikin farin bango, ja ya dushe a inuwa. Mutumin da ya haddace izu sittin, ga kala uku sun kayar da shi. Dariya ta taso mini, sai na ga fuskarsa, ta koma ciki. Shi dai ya bi umarni tsaf. Farkon da ya sani tun yana yaro a gaban allo, daga dama yake.

Baturiya ta sauko. Ta dubi hagu, ta dubi dama, ta daɗe tana duban hannunsa.

"Daga dama ka fara," in ji ta.

Ni kuwa har na fara jin ƙarnin teku a hancina.

Ta tsinki jan fure ɗaya ta juya shi a yatsunta. "Jibi ina da baƙi, har da babban soja. Ka tumɓuke su yau, ka sake dasawa." Ta kai bakin matakala ta waiwayo. "Daga hagu."

Tare muka yi dashen. Sau biyu ina riƙo rigarsa, ƙafarsa na neman dama.